Yaron da Muka Yaye, Wa Ya Karɓe Shi?

Duk shekara idan damina ta kankama, watan Yuli ya raba tsakiya, makarantun firamare na Giginyu da Badawa da Nassarawa GRA a Kano sukan shiga wani yanayi da duk mai ɗa ya sani. An gama jarrabawar zango na uku, malamai sun duƙufa kan tara maki da cike katin sakamako, yara kuwa sun samu sake, suna zuwa jaka ba littafi, ana ta guje-guje a fili ana tsallaken ruwan da ya kwanta. A makarantun kuɗi tela ya riga ya kawo rigunan biki da huluna masu tuntu, an kama zauren taro, an raba wa iyaye kati. A yawancin na gwamnati ranar ƙarshe ba ta da wani bambanci da sauran ranaku, illa hedimasta ya tsaya a taron safe ya faɗi ranar dawowa, a yi addu'a, a watse. Amma ko'ina ka tambaya sunan abin ɗaya ne, za a ce maka an yaye 'yan aji shida. Kalmar ta zauna a bakinmu har mun daina jin nauyinta, alhali da za mu tsaya mu saurare ta da kyau, ita kaɗai ta isa ta nuna mana abin da ya suɓuce daga hannunmu.

Bahaushiya ba ta yaye ɗa da ka. Tun da sauran watanni take sabar masa da kunu da fura da lomar tuwo mai laushi, ana rage masa nono kaɗan-kaɗan. Sannan a sa rana, a karɓo rubutu wurin malam, kakarsa ko gwaggonsa ta zo ta saɓa shi a baya ta tafi da shi gidanta. A can zai yi kukansa na dare biyu ko uku, tana jijjiga shi, tana zagaya tsakar gida da shi, tana ba shi duk abin da ransa ya so, har ya haƙura. Ranar da ya dawo wurin uwarsa ya zama wani yaro dabam, mai cin abin da manya ke ci. Wanda ya dubi wannan al'ada zai ga ba cire nonon ne babban aikin ba, domin wannan ko yaushe ana iya yinsa. Aikin yana wurin shirin da aka yi tun farko, da kuma wurin hannun da ya miƙo ya karɓi yaron. Ba a taɓa jin uwar da ta cire ɗanta daga nono ta ajiye shi a bakin zaure ta juya ba. Abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne, makarantunmu sun ari sunan yaye sun bar aikinsa: muna sakin yaro a ƙarshen shekara ba tare da mun tabbatar akwai mai karɓarsa ba. Kuma hanya mafi kusa ta gyara wannan tana tsaye a gabanmu kullum a taron safe, wato su yaran kansu, manyan cikinsu da muke kira monita da firifet, waɗanda muka ba bulala a maimakon amana.

Wannan yanki na Kano ya fi ko'ina cancantar a yi wannan waiwaye a cikinsa, domin a nan boko ya fara kafa ƙafa. A 1909, shekara shida bayan Turawa sun ci Kano, Hanns Vischer, wanda mutane suka laƙaba wa Ɗan Hausa saboda yadda harshen ya zauna a bakinsa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nassarawa. Gidansa na ƙasa yana nan har yau, tafiyar 'yan mintuna daga Giginyu. Da Hausa ake koyarwa a makarantar, ɗalibanta kuma 'ya'yan sarakuna ne da malamai da masu koyon sana'a. Daga wannan tushe aka samu elementare da midil, irin Midil ta Kano da ta zama Kwalejin Rumfa, da Kwalejin Katsina da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922. A wancan zamani wucewa daga mataki zuwa mataki abu ne na 'yan ƙalilan, kuma ana yinsa da suna. Hedimasta ya san yaron, ya san ubansa, hakimi ya san da tafiyarsa, En'e ta san ranar da zai kama hanya da akwatinsa. Idan ya isa makarantar kwana akwai shugaban gida da zai nuna masa wurin kwanansa, akwai babban ɗalibi da za a haɗa shi da shi. Ba na cikin masu yi wa wannan zamani kuka. Ƙofarsa ƙunci gare ta, 'ya'ya mata kusan ba su cikin lissafi, dubban yara masu kaifin ƙwaƙwalwa sun tsaya a elementare ba don laifinsu ba, babban ɗalibin nan kuma sau da yawa shi ne mai sa ƙaramin wanki da ɗebo ruwa. Abu guda kawai nake so a riƙe: yaron da ya wuce, wani ne ya miƙa shi, wani kuma ya karɓa.

Abin da ya biyo baya alheri ne babba, sai dai ya zo da nasa rashi. A watan Satumbar 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da UPE, shirin ilimin firamare ga kowa, yara suka kwararo makaranta fiye da yadda aka yi tsammani, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, aji bakwai na firamare ya koma shida. A 1982 aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4. A 1999 aka ƙaddamar da UBE a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004, ta ce ilimin tushe shekara tara ne a jere, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta kuma dole. Kano ta sake jaddada wannan a 2019 lokacin Gwamna Ganduje, sannan a watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. A takarda ke nan babu wani rami tsakanin aji shida da ajin farko na sakandare, hanya ce miƙaƙƙiya. To, ramin da doka ta ce babu shi, babu wanda aka ɗora wa alhakin cike shi. A ƙasa kuwa yana nan da zurfinsa. Yaro zai bar ginin da ya sani tun yana shekara shida ya tafi wani, sau da yawa a wata unguwa, inda sai an ba shi kuɗin Adaidaita Sahu kullum. Za a ɗinka sabon yunifom. A makarantun gwamnati na Kano akasari a nan ake raba maza da mata, don haka yarinyar da ta saba tafiya da wanta ko ɗan maƙwabtansu yanzu hanyarta dabam. Malamai za su yawaita, kowa da darasinsa, kowa ya shigo ya fita, Turanci kuma ya ƙara nauyi. Tsakanin wannan da wancan ga dogon hutu na makonni, wanda a cikinsa ake kai yaro gareji ko shagon kawunsa a Kantin Kwari ko kasuwar 'Yankaba don kada ya zauna haka nan, yarinya kuma ta ɗauki farantin talla ko ta karɓi aikin gida. Wanda ya fara jin daɗin ɗari biyar a aljihu, da wadda gida ya fara dogara da cinikinta, komawarsu aji sai an bi sawu. Rajistar firamare ta rufe da sunansu a Yuli, ta sakandare kuma ta buɗe a Satumba da sunan wanda ya kawo kansa, ba mai ɗora wannan kan waccan ya ga wa ya ɓace. Ba banza ba shirin AGILE da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, wanda Kano ke cikin jihohi bakwai na farkonsa, ya sa ido kan wannan gaɓa ta rayuwar 'yanmata.

Su ma waɗanda ba su kai aji shida ba suna da nasu ƙaramin yaye a kowace shekara, kuma shi ma mun bar shi sakaka. A da ana kiran sakamako a bainar jama'a, daga na ɗaya har na ƙarshe, wanda ya faɗi ya maimaita aji, ƙannensa su iske shi suna yi masa dariya. An ga illar wannan aka sassauta, yanzu kusan kowa wucewa yake yi. Sai dai wucewar ta zama ta garke: yaron da bai iya haɗa baƙi ba ya tafi aji huɗu, sabon malaminsa bai san da haka ba sai zango ya yi nisa, in ma ya sani ke nan. Katin sakamako lambobi ne kawai da kalma ɗaya ko biyu ta yabo ko ta gargaɗi. Ba ya faɗin cewa wannan yarinya ba ta gani sosai daga bayan aji, ko wancan yaro mahaifinsa ya rasu a zango na biyu. Malamin da ya yi shekara da su ya san duk wannan, amma iliminsa yana tafiya hutu tare da shi.

A ɓangaren makarantun kuɗi, waɗanda suka cika titunan GRA, matsalar ta ɗauki wata kama. A da yawansu aji shida ya zama kango, domin iyaye na cire yaro daga aji biyar, wani ma huɗu, su tura shi sakandare, ana ganin hakan alamar ƙoƙari ce da kuma ragin kuɗin shekara guda. Bikin yaye kuwa ya yawaita har ya rasa ma'ana: a yaye yaro daga ajin raino, a yaye shi daga nazare, kowane da kuɗin riga da na hoto da na abinci. Abin ya kai har jihar Imo ta haramta irin waɗannan bukukuwa na ƙananan azuzuwa a 2025, wasu jihohi suka bi sahu. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne asarar da yaron da aka tsallakar ya yi. An hana shi shekara ɗaya tilo da zai zama babba a wurin da ya sani. Ya tashi daga zama ƙarami a nan ya koma zama mafi ƙanƙanta a can, bai taɓa jin yadda ake ji idan wani ƙaramin yaro ya ɗaga kai ya dube ka yana jiran ka nuna masa hanya ba.

A nan maganar shugabancin ɗalibai ta shigo, kuma tarihin kalmar monita kansa abin dubawa ne. A ƙarshen ƙarni na 18 wani limamin coci mai suna Andrew Bell, yana kula da makarantar marayu a Madras ta Indiya, ya rasa isassun malamai, sai ya sa manyan yara suna koyar da ƙanana. A 1798 Joseph Lancaster ya buɗe makarantar 'ya'yan talakawa a Landan a kan irin wannan tsari, malami ɗaya da ɗaruruwan yara, ya koyar da 'yan gaba su kuma su koyar da na baya. Waɗannan 'yan gaba su ne monitoci, asalin aikinsu koyarwa. Firifet kuwa daga makarantun kwana na 'ya'yan manya a Ingila ya samu ƙarfinsa, musamman zamanin Thomas Arnold a Rugby, daga 1828 zuwa 1842, inda aka danƙa wa 'yan ajin ƙarshe ikon tsawatarwa da hukunci. Duka biyun sun iso mana ta hannun Turawa, amma da tafiya ta yi tafiya sai na biyun ya haɗiye na farkon. Leƙa aji a yau lokacin da malami ya fita. Monita na tsaye a gaban allo, ya yago takarda daga tsakiyar littafinsa, biro a hannu, ido na yawo. Wanda ya yi tari a rubuta shi, wanda ya ari abin goge rubutu a rubuta shi. Wani ya miƙo alawa ta ƙarƙashin benci a soke sunansa, wani ƙato daga baya ya nuna shi da yatsa ya ce su haɗu idan an tashi, shi ma a soke. Waɗanda suka rage a takardar su ne marasa alawa da marasa ƙarfi, su za su sha bulala idan malam ya dawo. Yaro ɗan shekara goma ya kammala karatun mulki ke nan a zango ɗaya: shugaba shi ne mai rubuta sunan mutane, ana sayensa, ana kuma tsorata shi. Sauran yaran ma sun koyi nasu darasin game da abin da za su yi tsammani daga duk wanda aka ɗora a kansu.

Abin takaici shi ne ba mu buƙaci zuwa Madras kafin mu san ɗaya hanyar ba. Makarantar allo a kanta aka gina ta. Malam ɗaya ba zai iya biya wa yara sittin ko ɗari ba, don haka gardi ke biya wa titibiri, titibiri ya ja kolo a babbaƙu da farfaru, a makarantar zaure kuma babbar yarinya ke rubuta wa ƙanana allo ta saurari haddarsu kafin su je gaban malam. Matsayi a nan da karatu ake samunsa, kuma alamarsa ita ce a ba ka wanda za ka koya wa. Matakan ma ba a barinsu su wuce shiru: idan yaro ya kai Sabbi ko Amma ko Tabara gida kan yi sadaka, a kai wa malam da 'yan makaranta, kowa ya san wane ya ci gaba. Ranar sauka kuwa akwai allo mai zayyana da sababbin kaya da walima, amma tsakiyar taron shi ne yaron ya zauna gaban malamai da iyaye ya karanta da bakinsa. A wajen makaranta ma ƙauyuka da unguwanni sun san sarkin samari da 'yan majalisarsa, masu shirya gayya da wasannin salla, tsarin da gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da shi a Nijar da sunan Samariya bayan 1974. Ban manta da dorinar gardi ba, kuma ba na kare ta, domin ta kori yara da yawa daga karatu. Amma idan aka ajiye dorinar, abin da ya rage shi ne fahimtar da kakanninmu suka yi cewa yaro yana girma ne ranar da aka ba shi wani ya riƙa.

Idan aka haɗa waɗannan biyu, wato yaye mai neman hannun karɓa da shugabanci mai neman aikin yi, sai a ga kowanne maganin ɗan'uwansa ne. Ɗan aji ɗaya da aka kawo a Satumba yana kuka a bakin ƙofa, shi ma yayayye ne, kuma babu wanda ya fi dacewa da karɓarsa irin 'yar aji shida da aka ce mata tun ranar farko ga ƙanenki, ki nuna masa ajinsa da wurin ruwa da bayan gida, ki tabbatar ya ci abincinsa, idan bai zo kwana biyu ba ki faɗa wa malama. A Japan haka abin yake a makarantu da yawa: yaran unguwa ɗaya na tafiya makaranta a ayari, ɗan aji shida a gaba, 'yan aji ɗaya a tsakiya, sharar aji da rabon abinci kuma juyi-juyi ake yi. A lungunan Giginyu, inda yara ke ratsa titi da safe cikin cunkoson ababen hawa, amfanin wannan a fili yake. Idan zango na uku ya zo, sai aikin ya koma na miƙa amana: kowane mai riƙe da wani aiki, mai ƙararrawa, mai kula da littattafai, mai tsaftar fili, a haɗa shi da ɗan aji biyar da zai gaje shi, su yi makonni suna yi tare, ranar ƙarshe ya miƙa masa a gaban kowa. Su kuma masu fita a kai su su ga sakandaren da za su shiga tun kafin hutu, a gayyato waɗanda suka fita bara su zo da sabon yunifom ɗinsu su faɗa musu gaskiyar yadda wurin yake, abin da ya ba su tsoro da yadda ya wuce. Maganar ɗan shekara goma sha uku ta fi shiga kunnen ɗan sha biyu fiye da jawabin babban baƙo. Kowane malami kuma ya rubuta wa wanda zai gaje shi layi biyu a kan kowane yaro, ko aƙalla a kan waɗanda ya san suna bakin faɗuwa. Akwai ma kujerar da aka riga aka tanada: tsarin kwamitin kula da makaranta na al'umma, wato SBMC, ya ba ɗalibai wakilci tare da hedimasta da iyaye da masu unguwa da malaman addini. A wurare da yawa sunan yaran ne kawai a takarda. Da za a zaunar da su a tambaye su wa da wa ba su koma ba, sun fi kowa sani, domin su ke haɗuwa da su a bakin famfo da wurin talla.

Na san abin da malamin makarantar gwamnati zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Zai ce mai aji na yara ɗari, wasu a ƙasa suke zaune, rufi na yoyo, ina shi ina rubuta wasiƙa a kan kowane yaro? A fara kawo benci da alli da ƙarin malamai tukuna. Babu mai hankalin da zai ce tsarin yara ya maye gurbin waɗannan, kuma duk gwamnatin da ta fake da shi don ta ƙi ɗaukar malamai ta ci amana. Tsarin Lancaster kansa ya mutu a Ingila ne da aka gane cewa yaro ba ya zama malami, kuma karatun da ake samu ta hannunsa kaɗai haddar aku ce. Amma ba koyar da darasi nake nema a ɗora wa yara ba, kula da juna nake nufi, kuma cunkoson da malam ke kuka da shi shi ne babbar hujjar yin hakan. A ajin yara ashirin malami na iya lura da wanda bai zo ba. A ajin ɗari ba zai iya ba, sai dai idan ajin ya kasu gida goma, kowane gida da mai ƙirga 'yan'uwansa. Wannan ba ya cin ko sisi, kuma yana rage wa malam kaya. Yaran da ke aji shida bana ba za su jira a gama gyaran gine-gine ba, a Yuli za su fita.

Wasu iyaye kuma za su ce yaro ɗan sha ɗaya bai isa shugabanci ba, abin zai sa masa girman kai, ya kuma ɗauke masa hankali daga karatu a shekarar jarrabawa. Mai wannan magana ya dubi gidansa. Yarinyar da ake cewa ba ta isa kula da ɗan aji ɗaya ba, ita ke goyon ƙanenta tun tana shekara bakwai, ita ake aike cefane, ita ke dawowa da kuɗin talla ba ko naira da ta ɓace. Mun daɗe da ɗora wa yara nauyi, har wanda ya fi ƙarfinsu, makaranta ce kaɗai ke yi kamar ba su iya komai ba sai tsare ƙofa da tsinke a hannu. Girman kai kuwa daga irin muƙamin yake fitowa. Muƙamin da alamarsa bajo a ƙirji da ikon sa mutum tsallen kwaɗo dole ya kumbura kai, amma wanda aikinsa ɗaure wa ƙaramin yaro igiyar takalmi da sauraren karatunsa yana saukar da shi ne. Batun karatu ma a juye yake, domin duk wanda ya taɓa biya wa wani ya san cewa a nan nasa karatun ke zama. Inda na yarda akwai haɗari shi ne wurin zaɓe. Wasu makarantu sun fara barin yara su jefa ƙuri'a, abin da ke da kyau a asalinsa, amma idan aka bar shi ba linzami sai ya zama kwafin siyasar manya, ɗan mai kuɗi ya raba biskit ya lashe. Naɗin malamai zalla shi ma yana da tasa cutar, kullum na ɗaya a aji ko mafi girman jiki ko ɗan wata malama. Abin da ya fi, a ganina, shi ne a yawaita ayyukan, a riƙa juya su kowane zango, ta yadda ba yaron da zai bar firamare bai taɓa riƙe wani abu da aka tambaye shi a kansa ba, manyan muƙaman biyu ko uku kuma yara su zaɓa daga cikin waɗanda aka ga aikinsu. Mai in'ina da mai jin kunya da wadda ba ta taɓa shiga goman farko ba su suka fi buƙatar wannan dama, kuma sau da yawa su suka fi riƙe ta da kyau.

Saura masu cewa a bar yara su yi murnarsu, biki ba laifi ba ne. Ni ma ban ce laifi ba ne. Yaron da ya yi shekara shida yana sammako ya cancanci ranar da za a tara mutane dominsa, kuma 'ya'yan makarantun gwamnati da ake sallama ba ko tafi an tauye su. Abin tambaya shi ne me ke tsakiyar taron. A walimar sauka kaya da abinci suna kewaye ne da karatun yaro. A bikin da muke yi yanzu riga ce a tsakiya, kuma wanda ubansa bai biya kuɗinta ba yana gida ranar. Taron da ake yi a filin makaranta, ƙarƙashin bishiya, inda kowane mai fita zai karanta wani abu ko ya nuna abin da ya iya, ya miƙa aikinsa ga magajinsa, a kira sunansa tare da sunan makarantar da za ta karɓe shi, ya fi wanda aka kama zaure dominsa kusa da abin da Bahaushe ke nufi da yaye, kuma ba ya barin kowa a waje.

Don haka kirana ga shugabannin makarantun Giginyu da kwamitocinsu, da masu unguwanni da limaman da ke zama a cikinsu, shi ne kada rajistar aji shida ta shiga kabad a watan Yuli. A kwafe sunayen, a rubuta wa kowane yaro unguwarsu da makarantar da aka tura shi. Idan an koma da mako uku, a zauna da sababbin shugabannin ɗalibai a bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, wanda aka tarar bai koma ba a tashi mutum biyu su je su yi sallama a ƙofar gidansu.